Reyuniyon: Yadda Ake Cin Moriyar Tsibirin Duwatsu

Duk wanda zai kashe kuɗinsa ya je tsibirin Reyuniyon, ya fara sanin cewa gajimare ne zai tsara masa yininsa. Gari yakan waye tas, kowace ƙololuwa a fili. Da rana ta fara zafi sai iska mai laima ta taso daga teku ta bi gangaren duwatsu tana hawa, kafin ƙarfe goma na safe ta cika kwazazzabai da farin gajimare. Baƙon da ya tsaya karin kumallo a otal, ya yi wanka a tsanake, sannan ya kama hanya, zai isa wurin kallo ya tarar da hazo kawai, ko tsawon taku ashirin ba ya gani. Wanda ya saba tashi sallar asuba ya riga ya samu rabin dabarar, sauran rabin kuwa ƙafa ce da takalmi mai kyau.

Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 700 gabas da Madagaskar, kusan kilomita 200 daga Morishus. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,512 ne, ana zagaye shi da mota a yini guda. Ba kowa a cikinsa sai a ƙarni na 17 da Faransawa suka zauna, suka kawo bayi daga Madagaskar da gabashin Afirka, daga baya 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa suka zo daga Indiya da Sin. Tun 1946 lardi ne na Faransa, yuro ake kashewa, ana magana da Faransanci da Kiriyol. Mutumin Maraɗi ko Garwa ko Njamena ba zai sha wahalar harshe ba. Na Kano ko Kumasi ya koyi gaisuwa da ƙirge da tambayar hanya kafin ya tashi, don a ƙauyukan dutse Ingilishi ba ya kai mutum ko'ina. Batun biza yana buƙatar kula: tsibirin ba ya cikin yankin Shengen, saboda haka bizar shiga Turai ba ta wadatar ba, sai an nemi wadda aka rubuta cewa ta shafi Reyuniyon. Ana shiga ta Faris, tafiyar kimanin awa 11, ko ta Morishus wadda ba ta kai awa guda a jirgi ba.

Yanayinsu a juye yake da namu, tunda suna kudu da tsakiyar duniya. Daga Mayu zuwa Nuwamba sanyi ne da ƙarancin ruwa, shi ne lokacin tafiyar ƙasa. Daga Disamba zuwa Afrilu zafi ne da damina da mahaukaciyar guguwar teku. Ruwan can ba na wasa ba ne. A watan Janairun 1966, a wani wuri mai suna Foc-Foc, an auna milimita 1,825 cikin awa 24, abin da ya zarce ruwan shekara guda na Kano nesa ba kusa ba. Irin wannan ruwa yana zabtare hanyoyi, ya mai da busasshen rafi kogi cikin mintuna. A ganina Satumba da Oktoba sun fi dacewa: sanyin tsakiyar shekara ya sassauta, hanyoyi sun bushe, manyan kifayen teku masu shayarwa da ke zuwa gaɓar tsibirin ba su gama tafiya ba. A lura kuma cewa gabashin tsibirin ne ke shan ruwa, yamma tana bayan dutse, ta fi bushewa. Idan gabas ta ɓaci, sau da yawa yamma garau take.

Ranar farko: Maïdo

A tsakiyar tsibirin akwai tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, Piton des Neiges, mai tsayin mita 3,070. Rushewar ƙasa da zaizayar ruwa sun ƙwaƙule manyan kwaruruka uku a kewayensa, kamar an jera akusa uku a gindin turmi: Salazie, Cilaos da Mafate. Kowanne yana da bango na dutse a miƙe, wani wurin ya haura mita 1,000. An kafa gandun ƙasa a 2007 wanda ya ɗauki kusan kashi 40 cikin 100 na tsibirin, sannan UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2010.

Kafin ka taka ko'ina, je ka ga abin da za ka shiga. Ka bar Saint-Paul ko Saint-Gilles da duhu-duhu, ka hau hanyar Maïdo, tafiyar kimanin awa guda a mota. Ana tuƙi a hannun dama kamar a gida, sai dai kwana-kwanar ta fi ƙarfin mai gaggawa. Za ka ratsa gonakin rake, ka shiga daji, bishiyoyi su riƙa gajarcewa har su koma ƙananan sagagi. A mita 2,200 hanya ta ƙare. Taku kaɗan daga inda ka ajiye mota, ƙasa ta yanke a gabanka, Mafate tana can ƙasa: tsaunuka masu kaifi, kwazazzabai masu duhu, da 'yan rufin kwano masu launi a kan tuddai, ƙanana har sai ka ƙura ido kafin ka yarda gidaje ne. Ka zo da rigar sanyi mai kauri. A Yuli da Agusta raɓa tana daskarewa a wannan tsayi. Kada ka kunna wuta sai a murhun da aka gina don haka a wuraren hutawa, domin gobarar 2010 da ta 2011 sun cinye dubban kadada a wannan gangare.

Kwana biyu na gaba a gwada ƙafa da gajerun hanyoyi. Dajin Bélouve zuwa wurin kallon Trou de Fer ya dace da wannan: tafiyar rabin yini ce cikin daji mai laima, gansakuka ta lulluɓe kowane reshe, an shimfiɗa katako a wuraren da taɓo ya yi yawa, a ƙarshe ka leƙa wani rami mai zurfi da ruwa ke faɗawa ciki ta ɓangarori da dama. A nan za ka gane ko takalminka na tafiya ne ko na kwalliya. Sabon takalmi ba a buɗe shi a dutse, a fara sa shi makonni kafin tafiya.

Mafate

Idan kwana biyu kacal mutum yake da su, ni dai Mafate zan tura shi. Babu titin mota ko ɗaya da ya shiga cikinta. Ɗaruruwan mutanen da ke zaune a ƙauyukanta, irin su La Nouvelle, Marla, Aurère, Roche Plate da Grand Place, da ƙafa suke shiga da fita. Shinkafa da tukunyar gas da siminti jirgi mai saukar ungulu ne ke kawo su rataye a cikin raga, shi ne kuma ke kwashe shara da marar lafiya. Wutar lantarki daga hasken rana take. Akwai makarantun firamare da ƙananan kantuna da masu gasa burodi.

Bayin da suka gudu daga gonakin bakin teku su ne suka fara zama a waɗannan kwaruruka, suka zaɓi wuraren da mafarautan bayi za su sha wuya kafin su kai. Sunayen wasu daga cikin jagororinsu suna nan a kan duwatsu har yau, kamar Cimendef da Anchaing da Dimitile. An soke bauta a tsibirin ranar 20 ga Disamba, 1848, kuma ranar hutu ce a can duk shekara. Mai tafiya da jaka mara nauyi da ruwan gora ya tuna cewa wasu sun bi waɗannan gangare ba takalmi, ana bin su da bindiga. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya shiga wurin da ladabi.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce Col des Bœufs, wadda ake kaiwa ta Salazie. Akwai wurin ajiye mota mai gadi a kusa. Daga nan sai gangara, a ratsa Plaine des Tamarins, wani fili mai ciyawa da karkatattun bishiyoyi waɗanda guguwa ta kwantar suka ci gaba da girma a kwance, farar gansakuka na reto a rassansu. Cikin awa biyu zuwa biyu da rabi an isa La Nouvelle. Mai ƙarfi zai iya wucewa Marla, washegari ya haura Col du Taïbit ya sauka Cilaos. A nan ba a auna tafiya da kilomita. Allunan hanya awa suke rubutawa, kuma abin da ke cin mutum shi ne yawan hawa da sauka. Kilomita biyar a Mafate na iya cin awa uku. Ka ɗauki lokacin da allo ya faɗa ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, ka tsara yadda za ka isa masauki kafin la'asar, don a lokacin sanyi rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma a cikin kwari duhu yana riga haka. Sannu ba ta hana zuwa. Manyan hanyoyin suna da alamar fenti fari da ja a kan dutse ko itace. Idan ka yi minti goma ba ka ga alama ba, koma inda ka bar ta ƙarshe.

Masaukin dutse suna kiransa gîte. Ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu, bargo, da teburi guda da kowa ke ci a kai da misalin ƙarfe bakwai na yamma. Ana kama gado tun da wuri, abinci ma sai an yi odarsa kafin a zo, domin mai gida ba shi da kasuwar da zai ruga. A riƙe tsabar kuɗi, babu na'urar cirar kuɗi a ciki. Ga Musulmi akwai abin lura. Abincin da ya fi shahara a tsibirin, rougail saucisse, da naman alade ake yinsa, haka ma boucané, kuma al'ada ce a buɗe cin abinci da ƙaramin kofin giyar rake. Ka faɗa tun a waya cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya. Ba za su ji mamaki ba, sun saba da Musulmi. Mafi sauƙi ka nemi na kifi ko na ƙwai ko na ganye, a haɗa maka da shinkafa da wake da yajinsu, ka ƙoshi. A biranen bakin teku kuwa naman halal ba ya wuya. Musulmin Gujarat sun daɗe a can, masallacinsu na Noor-e-Islam da ke Saint-Denis an buɗe shi tun 1905, akwai kuma masallatai a Saint-Pierre da Saint-Paul da Saint-Louis. Alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata zuwa yamma, kada sabo ya sa ka fuskanci mafitar rana.

A jaka: ruwa aƙalla lita biyu, rigar ruwa, rigar sanyi, hula, man kare fata daga rana, tocilar goshi, dabino ko gyaɗa, da ledar da za ka dawo da shararka a ciki. Sandunan tafiya suna ceton gwiwa a gangara. Kada a sha ruwan rafi sai an tafasa ko an sa masa magani. Lambar neman agaji 112 ce, akwai jandarmomin ceto na dutse, amma waya ba ta kamawa a kowane kwazazzabo, don haka ka gaya wa mai masaukinka inda ka nufa. Hukumar gandun daji ta ONF tana sanar da hanyoyin da aka rufe, a duba kafin a fita. Hanyar da aka rufe an rufe ta ne don dutse ya zabtaro ko yana shirin zabtarowa.

Ƙololuwa da dutsen wuta

Hawan Piton des Neiges aikin kwana biyu ne. Ana shiga Cilaos daga Saint-Louis ta hanyar da aka buɗe a 1932, mai kwana kusan 400 da ramukan dutse masu ɗaukar mota ɗaya. Kafin a yi ta, a kan kujera ake ɗauko masu hali zuwa maɓuɓɓugan ruwan zafi na garin. Daga wurin da ake kira Le Bloc ake fara hawa, matakala bayan matakala, hawan kusan mita 1,100 cikin awa uku zuwa huɗu, har masaukin Caverne Dufour a mita 2,478. Wannan masauki kaɗai ya ɗara Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya. A kwana nan, a tashi wajen ƙarfe uku na dare, a bi jerin fitilun goshi cikin tsakuwa mai zamewa na kimanin awa biyu, a isa sama daidai fitowar rana. Daga can ana ganin kwaruruka da teku ta kowane gefe. Sanyin yana ratsa ƙashi, a zo da safar hannu. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita tun a gida. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai mai tsanani ya juya, ba abin kunya ba ne.

Dutsen wuta na biyu, Piton de la Fournaise, mita 2,632, yana raye, yana cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya. Hanyarsa ta tashi daga Bourg-Murat, ta bi makiyayar shanu, sannan kwatsam ta gangara cikin Plaine des Sables, fili mai jan tsakuwa da baƙa, ba ciyawa ba tsuntsu. Mota tana tsayawa a Pas de Bellecombe. Daga nan a sauka matakala zuwa cikin babban kwarin da ake kira Enclos, a wuce wani ɗan jan tudu mai suna Formica Leo, a taka daskararren dutse har bakin ramin Dolomieu, wanda ƙasansa ya rufta da fiye da mita 300 a Afrilun 2007. Zuwa da dawowa awa biyar zuwa shida ne. Babu inuwa, babu ruwa, dutsen yana da kaifi, wanda ya faɗi a kai sai ya yanke. An ɗiga farin fenti a kan hanya kusa da kusa, kuma wannan fenti shi ne ranka idan hazo ya sauko, domin ko'ina iri ɗaya ne a ido. Akwai cibiyar da ke sa ido a kan dutsen dare da rana. Da ta ga alamar motsi, hukuma tana rufe ƙofar Enclos, sai a kalli wutar daga wuraren da aka amince. Wanda ba zai iya doguwar tafiya ba ya bi titin kudu maso gabas, inda narkakken dutse ya sha tsallake kwalta ya faɗa teku. A Piton Sainte-Rose akwai cocin da ambaliyar 1977 ta kewaye ta bar shi tsaye, baƙin dutsen yana nan a ƙofarsa.

Abin da ke raye a wurin

Kada a zo neman zaki ko giwa. Babu manyan namun daji, babu maciji mai dafi. Dukiyar wurin tsuntsaye ce da tsirrai, da yawansu ba a samunsu ko'ina a duniya sai nan. Wanda zai fara tarbarka shi ne tec-tec, ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da ba ya tsoron mutum, yana bin matafiyi daga reshe zuwa reshe. A sama za ka ga papangue, shahon tsibirin, yana shawagi a bakin kwari. A gaɓar teku akwai paille-en-queue, fari mai doguwar wutsiya siririya. Tuit-tuit kuwa a dajin Roche Écrite da ke saman Saint-Denis ya rage, 'yan kaɗan ne, ɓeraye ne ke cinye masa ƙwai. Shi ya sa ɓawon ayaba ko guntun burodin da ka yar a daji ba ƙaramin laifi ba ne: abincin ɓera ne da magen daji, su kuma su ne ke ƙarar da tsuntsayen.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na pétrel de Barau. Tsuntsun teku ne, amma a cikin rami yake ƙyanƙyasa, can a manyan ƙololuwa. A watan Afrilu 'ya'yan suke barin rami da dare su nufi teku a tashinsu na farko, sai fitilun birane su ruɗe su, su faɗo a titi da filayen ƙwallo, kuma ba sa iya sake tashi daga ƙasa da kansu. Saboda haka garuruwa da dama suna rage fitilu a waɗannan darare. Idan ka tsinci ɗaya, kada ka jefa shi sama, kada ka ba shi abinci ko ruwa. Sa shi a kwali mai huji, ka ajiye a wuri mai shiru, ka kira ƙungiyar SEOR mai kula da tsuntsaye, ko ka kai shi ofishin 'yan kwana-kwana. Yawancin waɗanda aka tsinta da wuri ana sakinsu lafiya a bakin teku.

A ƙasa-ƙasa za ka iya cin karo da hawainiya mai launi, wadda aka kawo daga Madagaskar, da tangue, wata dabba mai kama da bushiya. A Manapany akwai 'yar koriyar tsaka mai jajayen ɗigo wadda duk duniya a wannan gaɓar kudu kawai take. Sauro yana nan a ƙasa, ba ya ɗauke da maleriya, amma yana yaɗa zazzaɓin dengi da cikungunya, a shafa magani.

Teku tana da nata sharaɗi. Daga 2011 kifin shak ya kashe fiye da mutum 10 a gaɓar tsibirin, tun 2013 kuma aka hana iyo sai a wuraren da aka keɓe. A yi wanka a l'Ermitage ko La Saline, inda katangar murjani ta tare igiyar ruwa, ko inda aka sa raga da masu tsaro. Kada a taka murjanin, rai gare shi. Daga Yuni zuwa Oktoba manyan kifayen nan masu shayarwa, waɗanda Faransawa ke kira baleine, suna zuwa daga tekun ƙanƙara na kudu su haihu a nan. Ana ganin tsallensu daga Cap La Houssaye ba tare da an biya ko sisi ba. A Saint-Leu akwai Kélonia, inda ake jinyar kunkurun teku, wuri mai kyau ga mai tafe da yara. A saman garin ne kuma ake shawagi da lema tare da ƙwararre, a sauka a bakin rairayi. Masu son sauka cikin mafaɗar ruwa da igiya su nufi Cilaos, masu son shiga kogunan da narkakken dutse ya bari a ƙarƙashin ƙasa su nufi kudu maso gabas. Duka biyun ba a yinsu sai da jagora mai lasisi, kuma ba a shiga kwazazzabo ranar da aka yi ruwa a sama, ko da inda kake rana ake yi.

Kwana goma sun isa a ga abin da aka zayyana a nan ba tare da gudu ba, a bar kwana ɗaya ko biyu a sake saboda ranar da sama za ta ƙi. A Oktoba ake tseren Grand Raid na sama da kilomita 160 da ke ratsa tsibirin, a makonsa masaukai cike suke. Gadajen Caverne Dufour da na Mafate kaɗan ne, suna ƙarewa watanni kafin lokaci. Mai niyyar zuwa ya fara kama su, sannan ya ɗora sauran shirinsa a kan waɗannan ranaku.